Masu shirin zuwa Busua, garin bakin teku a yammacin Ghana, da mota mai ɗakin kwana

Salam jama'a, in daga Nima ko Mamobi a Accra za ku tashi, ku bar gida ana idar da asuba, in rana ta fito cunkoson Kasoa zai cinye maku safiya wallahi. Ku tsaya Yamoransa ku sayi dokunu, bayan kun wuce Takoradi sai Agona Nkwanta, nan ake karya kwana zuwa Busua. Don Allah kar ku shiga da motar cikin yashi, tana da nauyi, taya zai nutse kuma ruwan teku na hawowa, ku ajiye ta kan ƙasa mai tauri. Gidan sauro dole ne. In kun dawo a wanke ƙarƙashinta sosai, gishiri na kawo tsatsa.