Yadda Ake Koyon Aikin Tanki a Gem Alhali Abokan Wasa Suna Zagi

A wasannin gem na ƙungiya da ake bugawa ta intanet, tanki shi ne wanda yake shiga gaba ya sha duka domin sauran 'yan ƙungiyarsa su samu sararin kai hari. Ana ba shi jini mai yawa da sulke mai ƙarfi da dabarun riƙe abokin gaba ko ture shi, amma ana rage masa ƙarfin kisa. Wannan tsari ya daɗe. A World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, mutum 5 ne suke shiga kurkukun dodanni: tanki ɗaya, mai warkarwa ɗaya da mahara uku. Overwatch na 2016 ya fara da ƙungiyar mutum 6 wadda aka saba sa mata tanki biyu, sai Overwatch 2 ya zo a 2022 ya mayar da ƙungiyar mutum 5 da tanki ɗaya tilo, nauyin duka ya koma kan mutum guda. A nan Kaduna, inda waya ta fi kwamfuta yawa a hannun matasa, hanya mafi sauƙi ta haɗuwa da wannan aiki ita ce Mobile Legends, wanda kamfanin Moonton ya fitar a 2016, ana buga shi biyar da biyar. Daga cikinsa zan ɗauko misalaina, ko da yake ƙa'idojin suna aiki a sauran.

Abin da ya kamata mai koyo ya sani tun kafin ya zaɓi jarumi shi ne, za a zage shi, kuma zagin ba ma'auni ba ne na ko ya iya ko bai iya ba. Dalili a bayyane yake. Allon da kowa ke kallo a tsakiyar wasa yana nuna yawan kisa da yawan mutuwa, kuma tanki nagari yakan gama wasa da kisa kaɗan da mutuwa da dama, saboda shi ne ya fara shiga kuma shi ne ƙarshen fita. Matsayinsa ɗaya da na gola a filin ƙwallo: ƙwallayen da ya ture ba a lissafa su, wadda ta wuce shi kuwa ita ce zancen unguwa. Ƙari a kan haka, tanki ne yake yanke shawarar lokacin da faɗa zai fara, don haka duk faɗan da aka sha kashi a cikinsa, yatsa gare shi yake nufa, ko da maharbin ƙungiyar yana can wani layi, wato ɗaya daga hanyoyin filin wasan, yana neman kuɗi lokacin da aka kara.

Kafin maganar dabara, a gyara kayan aiki. Tanki ya fi kowa buƙatar netwok mai kyau, domin aikinsa ya rataya ne a kan danna maɓalli biyu a cikin ƙiftawar ido, kuma jinkirin rabin daƙiƙa ya isa ya sa ka yi tsalle cikin mutum biyar ba ka kama ko ɗaya ba. Ka dubi lambar da ke nuna jinkirin sadarwa. Idan ta bar kore ta koma rawaya ko ja, kada ka shiga wasan matsayi, wato Ranked, inda nasara ke ƙara tauraro, faɗuwa kuma ke rage shi. A watannin Maris da Afrilu waya takan ɗau zafi har hoto ya riƙa sarƙewa, sai a cire mata riga, a rage ingancin hoto a saiti, kuma a guji wasa tana jone da caji. A kuma lura da lokaci. Wasa ɗaya yakan ci minti 15 zuwa 20, wani lokaci ya zarce, kuma wanda ya fita a tsakiya ana rage masa makin amana, wanda idan ya yi ƙasa sosai ake hana shi shiga Ranked. Wanda ya fara wasa ana dab da kiran Magariba ya jefa kansa tsakanin barin jam'i da barin abokan wasa, alhali jira kaɗan zai raba shi da duka biyun.

Daga nan ka zaɓi jarumi ɗaya, ka tsaya a kansa. A ganina Tigreal ne ya fi dacewa da mai farawa, saboda aikinsa a fili yake: yana da dabarar da yake ture maƙiya ya ɗaga su sama, yana kuma da babbar dabarar da take janyo duk wanda ke kusa da shi ta sumar da su. Franco yana burge masu kallo da ƙugiyarsa, Johnson kuma da motarsa, amma duka biyun suna koya wa sabon shiga farautar abin burgewa maimakon tsare ƙungiya, kuma kuskurensu kowa yana ganinsa, wanda hakan ke ƙara jawo baki. Ka fara da karawa da kwamfuta har hannunka ya san nisan kowace dabara ba tare da ka duba ba, sannan ka koma Classic, inda faɗuwa ba ta rage wa kowa tauraro, saboda haka zafin rai ya fi sauƙi.

A farkon wasa ka sayi takalmin yawo. An tsara shi ne domin kada ka raba kuɗi da ƙwarewar da abokanka ke samu daga ƙananan sojoji da dabbobin daji, kuma rashin sayensa yana cikin 'yan kurakuran da idan aka yi maka faɗa a kansu, da gaskiyar mai faɗan. Ka raka mai dajinku, wato ɗan ƙungiyar da aikinsa farautar dabbobin daji ne, ya kashe dabbarsa ta farko ba tare da ka yi bugun ƙarshe ba, ka taimaki mai sihiri ya share layin tsakiya, sannan ka tuna cewa Kunkuru na farko, wato babbar dabbar bakin kogi da ƙungiyoyin biyu ke rige-rigen kashewa saboda ladarta, yana fitowa ne a minti na 2. Ya kamata ka riga kowa isa wurin.

A nan ne aikin da ba a gani yake. Kana isa bakin kogi, kada ka tsaya kana dukan Kunkuru tare da mai daji, domin bugunka kaɗan ne yake rage masa. Ka wuce gaba ka shiga ciyawar da ke ɓangaren maƙiya, ka tsaya a ciki. Idan da mutum a ɓoye, kai za ka fara cin karo da shi, kuma kai ne kaɗai jininka zai iya ɗaukar wannan. Idan babu kowa, tsayuwarka ta zama ido ga ƙungiyarku, domin duk wanda ya taho zai bayyana a ƙaramar taswira kafin ya iso. Wannan ɗabi'a ta shiga ciyawa kafin abokanka su wuce ta gefenta ita ce rabin aikin tanki, kuma babu wani allo da zai rubuta maka ita. Idonka kuma ya riƙa komawa kan taswira kowane 'yan daƙiƙu. Idan maƙiya uku sun ɓace daga layukansu, suna kan hanyar zuwa wani wuri ne, kuma galibi wurin maharbinku ne.

Sai babbar magana, wato lokacin buɗe faɗa. Mai koyo yakan ga maƙiya huɗu sun taru wuri ɗaya, zuciyarsa ta buga, ya danna Flicker, dabarar da ke cilla jarumi ɗan gaba nan take, ya faɗa tsakiyarsu, ya saki babbar dabara, ya kama su duka, sannan ya waiwaya ya tarar babu kowa a bayansa. Kamun ya yi kyau, amma banza ne, domin sumar da yake jawowa ba ta daɗewa, kuma idan babu mai zuba wuta a cikin wannan ɗan lokaci, su ne za su farfaɗo su cinye shi. Saboda haka lissafin ya fara daga baya kafin gaba. Mutum nawa ne naka suke kusa, har za su iya isowa cikin daƙiƙa biyu? Maharbinku da mai sihirinku suna da jini, kuma manyan dabarunsu sun dawo? Idan amsar ba ta gamsar ba, ka bar damar ta wuce, wata za ta zo. Flicker yana ɗaukar daƙiƙa 120 kafin ya dawo, kuma wanda ya ɓarar da shi a faɗan da ba shi da amfani zai tsaya hannu rabbana lokacin da ake rikicin Lord, babban dodon da ke taya ƙungiyar da ta kashe shi kai hari. Ka kuma duba wa ke cikin maƙiyan. Idan akwai Diggie, babbar dabararsa tana warware riƙon da ka yi wa 'yan ƙungiyarsa, don haka ka jira ya yi amfani da ita tukuna.

Ba kullum ake son tanki ya shiga gaba ba. Idan maƙiya suna da makashi mai tsalle kan maharbi, kuma maharbinku ne ya fi kowa kuɗi, to wurinka yana gefensa, ka ajiye dabarunka domin wanda zai faɗo masa. Sababbi da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin tsoro, alhali sau da yawa shi ne yake kawo nasara a ƙarshen wasa.

Kayan sulke kuma ba a haddace su. Ka dubi wanda ya fi yi muku ɓarna: idan mai sihiri ne, Athena's Shield, idan masu duka da makami ne, Antique Cuirass ko Blade Armor, idan suna da mai warkarwa irin Estes, to Dominance Ice, domin yana rage warkewa. Akwai jarumai irin Karrie da aka ƙera musamman domin narkar da tanki, kuma idan ta kashe ka da wuri, aikinta ta yi.

Game da zagin kansa, shawarata ita ce ka toshe mutum tun daga kalma ta farko ta cin mutunci, ba sai ta uku ba. Wasan yana ba ka damar rufe rubutu da muryar mutum ɗaya daga allon maki, kuma siginonin kai hari da ja da baya da taruwa sun wadatar wajen tafiyar da wasa. Wasu suna jin tsoron kada su rasa wani bayani mai amfani, amma wanda ya fara da zagin iyaye da wuya ya dawo ya gaya maka inda maƙiya suke. Kada ka rama. Duk daƙiƙar da yatsunka ke kan rubutu, jaruminka yana tsaye wuri ɗaya kuma idonka ya bar taswira, ga shi ramuwar tana iya jawo maka hukunci daidai da nasa. Mafi muni shi ne ka yi fushi ka daina tsare shi, ko ka zauna a sansaninku don ya gane kurensa, domin akwai mutum uku da ba su yi maka komai ba. Bayan an tashi, ka kai ƙararsa ta hanyar da wasan ya tanada, ka wuce.

Amma fa a rarrabe. Akwai wanda zai rubuta da zafi cewa ba ka duba ciyawa ba, ko ka shiga alhali babbar dabararsa ba ta dawo ba. Harshensa ba daɗi, amma ya faɗi abu takamaimai da za a iya bincikawa. Irin wannan ka riƙe shi a ranka har a gama. Wanda kuwa bai ce komai ba sai cewa ba ka iya ba, babu abin ɗauka a maganarsa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma maharbin da ya mutu sau shida saboda ya wuce hasumiyar da ke tsaron layinsa shi kaɗai ba zai taɓa rubuta hakan a akwatin hira ba. Sai dai karin maganar ta shafe ka kai ma, shi ya sa ake buƙatar alƙalin da ba ya fushi.

Alƙalin shi ne maimaicin wasa da shafin alƙaluma. Bayan kowane wasa, wannan shafi yana nuna yawan dukan da ka sha da kuma kason faɗace-faɗacen da ka halarta, kuma waɗannan biyun sun fi yawan kisa bayyana aikin tanki. Sannan ka adana wasan da aka fi zaginka a cikinsa, ka kalle shi washegari bayan zuciya ta huce. Ba sai ka kalli duka ba. Ka je wurin kowace mutuwarka, ka koma baya da daƙiƙa goma, ka tsayar da hoton, ka dubi taswira. Ina abokanka suke a lokacin? Idan suna bayanka kuma sun ci faɗan bayan ka faɗi, mutuwar ta biya kuɗinta. Idan suna nesa, kai ne ka yi gaggawa, ko da babu wanda ya lura. Idan suna kusa amma suka juya baya, to ka duba ko ka ba da sigina kafin ka shiga, domin sau da yawa abin da ake kira rashin goyon baya rashin sanarwa ne kawai.

Hanya mafi sauri ta rage zagi da ƙara ƙwarewa a lokaci guda ita ce samun abokin wasa ɗaya da ka sani ido da ido, musamman mai buga maharbi ko mai sihiri. Wannan ba wuya ba ne a Kaduna. A majalisun Tudun Wada ko Unguwar Rimi ko Kawo, ko tsakanin ɗaliban Kadpoly da KASU, ba a rasa masu buga irin waɗannan wasanni. Ku zauna benci ɗaya. Idan ka ce masa, "Abokina, matso, zan shiga," yana ji nan take ba tare da sigina ba, kuma idan ka yi kuskure zai ce maka, "Haba malam, ai ban shirya ba," ku yi dariya ku gyara. Ka riga ka rage baƙin da za su iya zaginka daga huɗu zuwa uku, kuma ka tabbata duk kamun da ka yi akwai mai bin sa da wuta. Idan ɗan'uwan ya girme ka a wasan, ka roƙe shi ya kalli maimaici ɗaya tare da kai, domin idon wanda ake tsarewa yana ganin abin da mai tsaron ba ya gani.

Idan ka ga kana isa wurin Kunkuru kafin kowa ba tare da ka tuna wa kanka ba, kuma mutuwar da kake yi kai kaɗai ta ragu, to ka shiga Ranked, ka kuma fara koyon jarumi na biyu mai aiki daban, kamar Khufra wanda yake tare masu tsalle, ko Lolita mai garkuwar da ke tare harbi, saboda daga matakin Epic na wasan matsayi ana zaɓen jarumai ne bi da bi tare da haramta wasu, kuma ana iya ɗauke Tigreal kafin layi ya zo kanka. Idan kuma aka ci ku sau biyu a jere, ka ajiye wayar na ɗan lokaci kafin ka sake shiga, domin wanda ya shiga wasa na uku da fushin na biyu yakan buɗe faɗa kafin ya ƙirga mutanensa.