Kurakuran da sabbin malamai ke yi tsakanin galahanga da ciwon fargaba a yara

Wallahi na gaji. Kusan duk zango sai sabuwar malama ta same ni da "anti, yaron nan fa galahanga ne", wato otizim, wai don ba ya magana a aji. Ba zan zage ku da yawa ba don nima na tafka irinta.

Shekarata ta biyu da fara koyarwa aka kawo min wata yarinya 'yar shekara 5, wata uku cur ban ji muryarta ba, ko fitsari take ji sai dai ta yi a zaune, in na kira ta ta sunkuyar da kai ta sandare. Na kira uwar na ce mata kai tsaye ɗiyarki otizim gare ta. Matar ta yi kuka a gabana, washegari ta dawo da waya ta kunna min bidiyo, ga yarinyar a tsakar gida ta goya 'yar tsana tana yi wa ƙaninta faɗa, surutu kamar aku. Na so ƙasa ta tsage in shige. Daga baya likita ya ce nau'in fargaba ne da ke kulle bakin yaro a wajen da bai sake ba. Uwar ta cire ta daga makarantar, kuma ban ga laifinta ba.

Tun daga ranar tambayata ta farko ita ce, ya yake a gida? Mai fargaba ya san wasa da mutane, tsoro ne ke danne shi, da ya koma cikin nasa sai ya warware. Galahanga kuwa tana bin yaro har ɗakin uwarsa, kuma alamunta kan fito kafin shekara 3: a kira sunansa bai waigo ba, ba ya nuna abu da yatsa don ke ma ki gani, yana maimaita maganar da aka faɗa masa, yana jera murafen kwalba a layi, in an taɓa ɗaya gidan ya hargitse. Ni dai yanzu sai na ga bidiyon gida na kuma zauna da kaka ko mai raino kafin in buɗe baki, kuma ko sannan cewa nake a kai shi wajen likitan yara, sanya wa ciwo suna ba aikinmu ba ne.

Kuskure na biyu, a ɗauka in akwai ɗaya babu ɗaya. Kusan 4 cikin 10 na yara masu galahanga suna da ciwon fargaba a kai. Yaro ya toshe kunne yana ihu don an tada janareta, ke kuma kin ɗauko bulala wai taurin kai, haba malama! Ki fitar da shi inda ba hayaniya, gobe kuma ki gaya masa tun kafin a kunna.

Rashin kallon ido shi kaɗai ba hujja ba ce, mu da muke koya wa yara kada su zuba wa babba ido.

Allurar rigakafi ba ta kawo galahanga, binciken 1998 da ya yaɗa zancen an janye shi a 2010.

A gwada kunnen yaron tukuna, wani kawai ba ya ji ne sosai.

Masu cewa aljanu ne, a yi addu'a, amma a tafi asibitin ma a satin, kar a bari sai ya kai shekara 7.