Yadda ake ba kafinta aikin kayan ba da labari na katako, a kuma gyara su don makarantar Lahadi

Malaman makarantar Lahadi na nan Yamai, in kuna son yara su daina kallon rufi lokacin labarin Littafi Mai Tsarki, ku aza musu 'yan mutum-mutumin katako a gabansu suna gani suna taɓawa. Wanga salon koyarwa wani limamin coci a Amurka, Jerome Berryman, ya tsara shi da sunan Godly Play bisa hanyar Maria Montessori, wata masaniyar koyar da yara 'yar ƙasar Italiya, kuma ba dole sai an yi odar kayan daga waje ba, kafintan unguwa ma zai iya in an yi mishi bayani da kyau.

Da farko a zaɓi labari guda kawai. Ni dai shawarata a fara da Makiyayi Mai Kyau na Yohanna 10, a haɗa da ɓatacciyar tunkiya ta Luka 15: makiyayi, 'yan tumaki kamar biyar, kyarkeci, sai sandunan garke. Jirgin Nuhu ya fi ban sha'awa amma dabbobi biyu-biyu kuɗi ne, a bar shi sai gaba.

Sai a zana kowace siffa a kwali a yanke da almakashi daidai girman da ake so, kar a je wa kafinta da hoton waya a ce "yi mini irin wanga", abin da zai fito Allah kaɗai ya sani. Mutum santimita 10 zuwa 12 ya isa, tunkiya rabin haka, kauri kuma milimita 15 zuwa 20 don abin ya tsaya da kansa, in ya fi haka siriri sai an manna mishi gindi. Kar wani yanki ya yi ƙanƙanta har yaro ya iya jefa shi a baki, ƙananan nan 'yan ƙasa da shekara 3 komi baki suke kaiwa. Fuska kuma a bar ta haka nan, ba ido ba hanci, yaro shi zai sa fuskar a ransa. Wannan yana ma sauƙaƙa magana da kafinta, don wasu ba sa son sassaƙa siffar mai rai saboda addininsu, in ya ce a'a a yi mishi godiya a nemi wani, ba abin gardama ba ne.

Katakon kuwa ku je kasuwar Katako tare da shi in da hali. Farin katako ba nauyi kuma da sauƙin yanka amma yana saurin lotsawa, ja ya fi ƙarko ya fi tsada. Babban abu dai ya zama busasshe, ɗanyen katako da hunturu ya buso sai ka ji ya tsage. A juya shi a duba, in akwai 'yan ramuka da gari-gari a jiki ƙwari sun riga ku, a bar musu. Guntayen da suka rage a shagon kafinta sau da yawa sun isa tumaki, ku tambaya kafin ku sayi falanki guda.

Kar a biya duka. A ba da kafin alƙalami, a ce "Malam, yanka mini tunkiya guda tukuna in gani", a aza ta bisa tabarma, a ɗan hura mata iska. In ta faɗi a gyara ƙafafun, in ta tsaya sai a ce ya ci gaba, a kuma rubuta adadi da ranar karɓa a takarda.

Gyaran ƙarshe gara ku yi da kanku, nan ne aikin yake. Samfefa mai lamba 80 ko 120 da farko don kashe kaifin gefe, sannan 220, ana bin tsawon jijiyar katako ba a gicciye ba. A shafa tsumma mai ɗan damshi, in ya bushe za ku ji gashin katakon ya tashi, a sake bi da 220. A goga gefen a bayan hannu ko a jikin tsohon gyale, in ya kama zare da saura.

Fenti kaɗan, na ruwa irin akrilik, kar a karɓi ragowar fentin mai na ƙofa da ba a san asalinsa ba don wasu suna da dalma a ciki kuma guba ce ga yara. Ni na fi son ma a bar launin katakon, a narka kakin zuma kashi 1 da man farafin na farmasi kashi 4 a gwangwani cikin ruwan zafi, ya huce, a murza da tsumma, a bari ya kwana a goge. Ban da man gyaɗa, yana yin ɗoyi ya jawo kiyashi. A shanya cikin ɗaki a inuwa, ƙurar Yamai in ta hau jiƙaƙƙen fenti sai an sake gogewa daga farko.

Kowane labari da akwatinsa ko jakar atamfa, a rubuta adadin kayan a murfi, a aza bisa kanta nesa da ƙasa saboda gara. In za ku yi tafiyar Ibrahim da Saratu nan gaba, babban faranti da tankaɗaɗɗen yashi mai tsabta ya isa hamada.