Kurakuran Masu Shirya Barkwancin Kasada da Yadda Za a Gyara Su

Na daɗe ina ɗaukar wasannin barkwanci a Kaduna, kuma na gaji da ganin matasa suna maimaita kuskure iri ɗaya wajen kwaikwayon Jackass, shirin da tashar MTV ta Amurka ta fara nunawa a shekarar 2000, inda Johnny Knoxville da abokansa suke jefa kansu cikin haɗari domin a yi dariya. Da yake hoton shirin ya yi kama da wanda aka ɗauka da kyamarar gida, sai yaranmu suka zaci babu wani tanadi a bayansa.

Wannan zato shi ne kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Lokacin da Knoxville ya kwanta a kan wutar gashi da nama a jikinsa, yana sanye da rigar da wuta ba ta ci. A 2001 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Konetikat ya kwaikwayi wasan ba tare da rigar ba, ya ƙone sosai, har Sanata Joseph Lieberman ya fito yana sukar tashar. Na san labarin, amma bai hana ni ɗora ɗan yayata a cikin baro a wani gangare a Rigasa ba, bayan na shimfiɗa katifa biyu a inda na yi tsammanin zai faɗi. Tayar baron ta daki dutse, ya kauce, yaron ya faɗa gefen kwalbati, ya ɗago yana riƙe da wuyan hannunsa na dama yana cewa, "Kawu, hannuna!" Karaya ce, ga jarrabawa saura mako biyu. Yaya ba ta ɗaga murya ba, ta dai tambaye ni ko masu kallo za su rubuta masa jarrabawar.

Tun daga ranar ba na sa mutum a baro ko a kan katanga sai na gwada da buhun yashi mai nauyinsa har sau uku, in share hanyar da kaina, in ajiye katifa a inda buhun ya faɗi. Wanda bai kai shekara 18 ba ba ya shiga, kuma ina ajiye mai keke Napep a kusa har mu tashi. Sau da yawa ma a rarrabe nake ɗaukar faɗuwar, tasowa daban, sauka a kan katifa daban, in haɗa su wajen tacewa. Wanda ya kira wannan tsoro bai taɓa tsayawa a gaban uwar yaro ba.

Kuskure na biyu shi ne tozarta wanda bai san ana ɗauka ba. Ku ji tsoron Allah! Dattijon da kuka watsa wa gari a Kasuwar Barci uban wasu ne, kuma 'ya'yansa za su ga bidiyon a waya. A wannan garin Samanja ya shafe shekaru yana ba jama'a dariya a NTA ba tare da ya wulaƙanta mai wucewa ba. A wurina abin dariyar a kan ɗan wasa yake ƙarewa. Idan baƙo ya shigo hoto sai in nuna masa, in ya ƙi in goge a gabansa. Batsa kuwa, abin da ya wuce a tashar Amurka zai iya rufe muku ƙofar kowane gida a unguwa, don haka ni ba na taɓa ta.

Sauran ƙanana ne. Kada ku ɗauki magana kusa da janareta ko bakin titi, ku juya wa rana baya, ku gaida mai unguwa kafin ku kafa kyamara, kuma kada ku maimaita faɗuwa ɗaya sau biyar, sau biyu ya isa.