Yadda Ake Cin Moriyar Taron Masu Kamun Kifi a Kan Ƙanƙara

A jihohin arewacin Amurka irin su Minesota, Wiskonsin da Mishigan, da lardunan Kanada kamar Ontariyo da Manitoba, idan hunturu ya kankama tafkuna kan daskare har mutum ya taka samansu, ya huda rami, ya zura ƙugiya cikin ruwan da ke ƙasa. Masu wannan kamun kifi suna da tarurrukansu, inda ake baje kayan aiki, ake gabatar da laccoci, kuma tsofaffin hannu suke haɗuwa da sababbin shiga. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne wanda ake yi a zauren RiverCentre da ke birnin Sent Pol a farkon watan Disamba, daidai lokacin da ƙanƙarar farko ke kama tafkuna. Akwai kuma taron da ake yi a kan ƙanƙarar kanta, kamar gasar da ƙungiyar Jaycees ta garin Brainerd ke shiryawa a tafkin Gull tun daga shekarar 1991, wadda takan tara mutane fiye da 10,000. Wanda ya shiga irin wannan taro ba tare da shiri ba, yakan fito da kaya masu tsada a hannu alhali bai ƙaru da ilmin da zai yi amfani da su ba, saboda haka ya kamata a je shi da niyyar koyo kafin niyyar saye.

Tun daga gida, mutum ya tsayar da amsar tambayoyi uku: wane tafki yake son zuwa, wane kifi yake nema, kuma da ƙafa zai shiga ko da abin hawa. Duk wata shawara da zai ji a zauren ta dogara ne a kan waɗannan amsoshi, domin kayan mai neman ƙananan kifaye a ruwa marar zurfi sun sha bamban da na mai neman kifin walai a babban tafki kamar Mille Lacs ko tafkin Winifeg. Sannan ya duba jadawalin laccocin da masu shirya taron suka fitar, ya yi wa waɗanda yake so alama, domin sau da yawa akan gudanar da biyu ko uku a lokaci guda.

Idan lacca ɗaya tak mutum zai iya halarta, to ta kare rai ce, kuma a ganina babu wani uzuri na tsallake ta. A nan ne zai ji ƙa'idar kaurin ƙanƙara da hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota take yaɗawa: idan sabuwar ƙanƙara mai garai-garai ba ta kai inci 4 ba, wato kimanin santimita 10, kada a hau ta, inci 4 na ɗaukar mai tafiya da ƙafa, babur ɗin ƙanƙara kuwa yana bukatar inci 5 zuwa 7. Farar ƙanƙara, wadda dusar ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa a cikinta, ƙarfinta kusan rabin na mai garai-garai ne, don haka sai an ninka adadin. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kaurin ba ya zama ɗaya a ko'ina cikin tafki guda, musamman kusa da mashigar kogi, ƙarƙashin gada, ko inda maɓuɓɓuga take a ƙasa, shi ya sa ake umartar mutum ya riƙa aunawa duk bayan ƙafa 150. Mai lacca nagari zai kuma kawo bayanin Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba game da wanda ya faɗa ruwan sanyi: yana da minti 1 ya shawo kan numfashinsa, da kimanin minti 10 da gaɓoɓinsa za su iya aiki sosai, da kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar masa da hankali. Amfanin sanin wannan shi ne mutum ya daina firgita, ya juya ta inda ya fito, tunda ƙanƙarar wajen ta riga ta ɗauke shi, ya kafa ƙusoshin hannu, wato ƙusoshi biyu masu mariƙi da ake cakawa a ƙanƙara don jawo jiki waje, ya buga ƙafafu kamar mai iyo har ya zame sama, sannan ya mirgina ya yi nisa kafin ya miƙe. Idan an kawo kayan gwaji, a fito a taɓa su, a rataya ƙusoshin a wuya a ga yadda ake zare su da safar hannu, domin abin da hannu ya saba da shi ne yake zuwa a lokacin tashin hankali.

Bayan haka sai zagayen rumfunan kaya, kuma dabarar ita ce a zagaya sau ɗaya ba tare da an sayi komai ba. Injin huda ƙanƙara shi ne abin da aka fi muhawara a kansa. Akwai na hannu, akwai mai fetur ko gas, akwai kuma mai batir wanda ya mamaye kasuwa a 'yan shekarun nan saboda rashin nauyi da rashin hayaƙi. Faɗin ramin yakan kasance inci 6, 8 ko 10, kuma na inci 8 ya ishi yawancin mutane. A ɗaga injin a ji nauyinsa, a tambayi ramuka nawa batir ɗaya ke hudawa kuma a wane kauri, a kuma tambayi yadda ake samun sabuwar wuƙa idan ta dakushe. Mai sayarwa zai faɗi alherin hajarsa, wannan aikinsa ne. Wanda zai faɗi aibinta shi ne masuncin da ke tsaye a gefe wanda ya yi hunturu biyu ko uku yana amfani da ita, kuma irin waɗannan mutane ba sa ƙyashin magana idan aka gaishe su aka yi tambaya cikin ladabi.

Na'urar gano kifi ita ce ta biyu. Kamfanonin Vexilar, MarCum da Humminbird suna yin mai nuna ƙasan ruwa da koto da kifi a matsayin layuka masu launi, yayin da LiveScope ta kamfanin Garmin, wadda ta fito a 2018, take nuna motsin kifi kai tsaye daga nesa. Sabon shiga ba ya bukatar mafi tsada. Ya fi masa amfani ya zauna a laccar da ake koyar da karanta allon, ya fahimci yadda ake ɗaga koto kaɗan-kaɗan idan kifi ya matso, da yadda ake gane ƙasa mai tauri daga mai laka. Game da tanti kuwa, za a ji sunan Dave Genz, ɗan Minesota da ya shahara da ƙirƙiro tanti mai kifewa da ake ja a kan ƙanƙara, wanda ya sauya salon kamun daga zama a rami ɗaya zuwa yawo ana neman kifi. Duk wanda zai sayi tanti da hita mai gas, to ya haɗa da na'urar gano iskar kabon monoksaid, domin wannan iska ba ta da wari, tana kuma kisa a wuri rufaffe.

A laccocin dabarun kamu, tambaya takamaimiya ce ke jawo amsa mai amfani. Maimakon a ce a ina kifi yake, gara a tambayi zurfin da ake samunsa a farkon daskarewa da kuma inda yake komawa a tsakiyar hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ta tare hasken rana, ciyawar ruwa ta mutu, iskar shaƙa ta ragu. Ba a tambayar mutum ainihin wurin da yake kamu a gaban jama'a, domin masunta na ɗaukar wannan a matsayin rashin ta-ido. A riƙa rubuta abin da aka ji nan take.

Kada a bar zauren ba tare da an tsaya a teburin jami'an kula da namun daji da kifaye ba, idan sun zo. Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha: Minesota ta yarda da igiyar ƙugiya biyu ga mutum ɗaya a kan ƙanƙara a yawancin tafkuna, Wiskonsin kuwa uku, ga kuma batun lasisi da adadin kifi da tsawon wanda aka halatta a tafi da shi gida. A nan ne kuma za a ji dalilin da ya sa ba a son sakin kifin da aka jawo daga zurfin da ya kai ƙafa 30, domin sauyin matsin ruwa yana kumbura masa jakar iska, da wuya ya rayu ko an mayar da shi.

Sai a zagaye na biyu za a buɗe jakar kuɗi, a fara da ƙusoshin hannu, sandar ƙarfe ta gwada ƙanƙara, igiyar ceto, ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi saboda santsi, da riga mai hana nutsewa, sannan gajeriyar sandar kamu da ƙugiyoyi kaɗan. Kafin a fita, a nemi teburin ƙungiyar masunta ta yankin a rubuta suna, domin fitar farko a kan ƙanƙara ya kamata ta kasance tare da wanda ya san tafkin.