Damuwa, giya da rashin barci: kurakuran da ke hana jiki samun sauƙi

Mutum zai zo asibiti yana kukan ciwon kai, faɗuwar gaba da kasala. A auna jininsa a ga 150/95, a rubuta masa maganin hawan jini ya tafi. Bayan wata uku ya dawo, jinin yana nan inda yake. Sai an zauna da shi a natse ake gano cewa ya daɗe rabonsa da barcin awa biyar a dare ɗaya, akwai damuwar da ke cin ransa, kuma yana ɗan kurɓar wani abu da dare don ido ya rufu. Halin da zuciya ke ciki, barasa da barci, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, in ka ja ɗaya sauran biyun za su motsa. Yawancin kurakuran da muke gani sun samo asali ne daga ƙoƙarin gyara ɗaya da abin da ke ɓata sauran.

Giya a matsayin maganin barci

Hukuncin giya a addini sananne ne, ba shi muka zo tattaunawa ba. Abin da ke gabanmu shi ne akwai masu shan ta, a fili da a ɓoye, kuma da yawansu rashin barci ne ya fara kai su.

Gaskiya ne giya tana sa barci ya ɗauke mutum da wuri, shi ya sa take yaudara. Amma barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan duk minti 90, kuma akwai matakin da ake mafarki a cikinsa, wanda ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen daidaita tunani da sanyaya abin da ya ɓata rai da rana. Barasa tana danne wannan mataki a farkon dare. Da ta fara fita daga jini sai jiki ya zabura: zuciya ta ƙara gudu, gumi ya karyo, mafarkai marasa daɗi su yi ta zuwa, ga fitsari yana tayar da mutum domin barasa tana hana sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa.

Lissafin ma a bayyane yake. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kimanin giram 24 na tsantsar barasa. Hanta kuwa abin da take iya sarrafawa a awa ɗaya bai wuce giram 7 zuwa 10 ba. Wanda ya sha kwalba biyu da ƙarfe tara na dare, sai wajen ƙarfe biyu ko uku na dare jikinsa zai gama da ita, kuma daidai wannan lokacin ne irin waɗannan mutane ke cewa ido ya bushe musu. Washegari su tashi a gajiye, rai a jagule, da dare su ƙara yawan abin da suka sha. Cikin 'yan kwanaki jiki ya saba, kwalba ɗaya ta daina sa barci. An yi gudun gara an tarar da zago.

Gyaran shi ne a raba giya da barci kwata-kwata, a kuma sa a rai cewa makon farko zuwa na biyu barcin zai ƙara lalacewa kafin ya daidaita. Wanda bai san da wannan ba, a dare na uku yake komawa ruwa.

"Ai ba giya ba ce, magani ne"

Akwai wanda bai taɓa shiga mashaya ba amma kullum yana shan barasa. Jiƙe-jiƙen kwalba da na 'yar leda da ake sayarwa a tasha da sunan maganin basir, ciwon baya ko ƙarfin maza, da yawansu a barasa aka jiƙa su, wasu ƙarfinsu ya kai kashi 40 cikin ɗari. 'Yar leda mai mililita 30 a wannan ƙarfi tana da kusan giram 10 na barasa, leda biyar sun yi daidai da manyan kwalabe biyu ke nan. A duba jikin kwalba, inda aka ga lamba da alamar % kusa da kalmar barasa, to ƙarfinta ke nan. Wadda ba ta da rubutu ko lambar NAFDAC a bar ta inda aka gan ta. Burukutu ba shi da ma'auni tsayayye, ogogoro kuma wani lokaci yana zuwa da gubar metanol mai makantarwa, irin wadda ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas a 2015.

Masu cewa "kaɗan yana gyara zuciya" su sani cewa a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Barasa tana da hannu a ciwon dajin baki, maƙogwaro, hanta, hanji da na mama.

Ɓoye wa likita

Wannan ne kuskuren da ya fi tsada a ƙasar Hausa, domin kunya da tsoron abin da za a ce suna sa mutum ya rantse bai taɓa sha ba. Likita kuwa da abin da aka faɗa masa yake rubuta magani, kuma sirrin majinyaci amana ce a wuyansa.

Farasitamol, wanda babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, yana iya taɓa hantar mai shan giya kullum ko bai kai wannan adadin ba. Ibufurofen da daikulofenak da ake sha don ciwon jiki, in suka haɗu da barasa suna iya fasa gyambon ciki, alamarsa baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini. Ba a haɗa Flagyl da barasa. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan Daonil, in ya sha giya bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa cikin dare domin hanta ta shagala da barasa ta daina sakin suga, na kusa da shi su ɗauka maye ne su bar shi ya kwana a haka. Magungunan tarin fuka su ma ta hanta suke bi. Ga kuma ciwon hanta nau'in B da ya yawaita a yankinmu, da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Duk mai sha ya kamata ya yi gwajinsa, domin cutar da barasa in suka haɗu, ƙanƙancewar hanta tana zuwa da wuri.

A faɗa wa likita abu uku: me ake sha, nawa a rana, kwana nawa a mako.

Yankewa farat ɗaya

Niyyar daina sha abin yabo ce, amma ga wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, yankewa lokaci guda ba tare da kulawar asibiti ba tana iya kisa. Alamar cewa jiki ya kamu ita ce rawar hannu da safe wadda ke lafawa in an kurɓa. Irin wannan mutum, awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe zai fara makyarkyata, gumi, tashin zuciya da fargaba. A cikin kwana biyun farko jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan rikice, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango, zazzaɓi ya rufe su. A nan ne iyali kan ce aljanu ne, a ɗaure shi a ɗaki. Asibiti za a kai shi a ranar. Can ana ba da maganin kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki ana rage shi sannu a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Wanda ke shirin dainawa, ko da saboda shigowar azumi ne, ya ga likita kafin ranar.

Ƙwayar barci daga kyamis

Valium, Lexotan, Piriton, maganin tari mai kodin, kowanne akwai mai sayensa don barci. Biyun farko an yi su ne don amfani na ɗan lokaci, bai wuce mako biyu zuwa huɗu ba, bayan haka jiki yana kamuwa da su kamar yadda yake kamuwa da giya. Tsofaffi suna faɗuwa su karye saboda su. Haɗa su da barasa, kodin ko tiramadol yana rage numfashi har mutum ya wuce cikin barci. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018, amma bai ɓace daga bayan kanta ba. Wanda ya riga ya yi watanni yana shan ƙwayar barci, shi ma kada ya yanke da kansa, likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan.

Damuwar da ke fitowa a jiki

Ba kasafai Bahaushe ke zuwa ya ce "ina cikin baƙin ciki" ba. Abin da zai ce shi ne kansa na zafi, wani abu na yawo a jikinsa, ƙirjinsa ya yi nauyi, abinci ba ya masa daɗi. Sai a yi ta maganin maleriya da taifot, a yi hoton ƙirji, a ƙara ruwa, kuɗi su ƙare ciwo yana nan. Ciwon ba ƙarya ba ne. Damuwa mai tsawo tana sa jiki ya riƙa sakin sinadaran da ke zaburar da shi, wato kotisol da adirenalin, ba hutu, su kuma suna takura jijiyoyin jini, suna ɗaga suga, suna ɗaure naman wuya da na kafaɗa. A ƙa'ida jini yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari idan ana barci, wannan ne hutun zuciya da ƙoda. Wanda ba ya barci ya rasa wannan hutun, shi ya sa ƙarancin barci na dogon lokaci ke tafiya tare da hawan jini, ciwon suga, ƙiba da shanyewar ɓarin jiki.

Ma'aunin da ake amfani da shi mako biyu ne. In mutum ya kai haka kusan kullum rai a ɓace, ko abin da ke faranta masa a da ya daina, ga farkawa tun kafin asuba da kasa komawa, ga rama da ganin kai ba shi da amfani, to ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Cewa da shi "ka yi haƙuri, rashin tawakkali ne" ƙara masa nauyi ne kawai. Addu'a da asibiti ba sa karo da juna. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Kuskuren da ke biyo baya shi ne ajiye magani da wuri. Magungunan damuwa irin su amitiriftilin suna ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin canji, a kwanakin farko bushewar baki da jiri kawai za a gani. Bayan an ji sauƙi kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, in ba haka ba ciwon yana dawowa. Wanda ya fara maganar gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna da maganin ƙwari daga inda zai kai hannu, a kai shi asibiti a ranar.

Goro, shayi da gado

Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9. Kafeyin da ke cikin goro, kofi, shayin buta da lemukan ƙara kuzari, sai ya yi awa biyar zuwa shida kafin rabinsa ya bar jini. Goron da aka ci da la'asar, rabin ƙarfinsa yana nan da ƙarfe goma na dare. Mai fama da rashin barci ya tsayar da su daga azahar. Ƙailula tana da amfani in ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba, kuma kafin la'asar. Barcin awa biyu da yamma daga na dare ake cire shi.

Kwanciya a gado ana juye-juye ana duba agogon waya tana koya wa ƙwaƙwalwa cewa gado wurin tunani ne. In an yi kamar minti 20 barci bai zo ba, a tashi a zauna a wuri mai ƙarancin haske, a yi zikiri ko karatu mai sauƙi, sai ido ya yi nauyi a koma. Lokacin tashi kuma ya zama ɗaya kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba. Mai tashi asuba ya riga ya samu wannan, abin da ya rage masa shi ne ya riƙa kwanciya da wuri: mai tashi ƙarfe biyar, ƙarfe goma ya kamata ta same shi a kwance. Tafiyar ƙafa da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, tana taimakon barci, jini da zuciya a tare. In rashin barcin ya kai dare uku a mako har wata uku, ya wuce gyaran gida.

Minshari

Ana ɗaukarsa alamar barci mai daɗi. Wanda ke minshari mai ƙarfi, ya yi shiru na daƙiƙa goma ko fiye, sannan ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe, maƙogwaronsa ne ke toshewa, kuma hakan na iya faruwa sau da yawa a awa ɗaya. Kowace toshewa tana rage iskar da ke cikin jini, ta zaburar da zuciya. Uwargida ce ta fi sanin wannan, don haka a tafi da ita wajen likita. An fi ganinsa ga mai ƙiba da kaurin wuya, mai tashi da ciwon kai, mai gyangyaɗi a zaune, wanda jininsa ya ƙi sauka duk da magani kala uku. Giya da ƙwayar barci suna saki naman maƙogwaro su ƙara tsananta shi. Rage ƙiba da kwanciya a gefe suna taimakawa, mai tsanani kuma ana ba shi na'urar hura iska ta hanci da yake sawa da dare.

Direbobin dogon zango su ne suka fi shiga haɗari da ƙarancin barci. Mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, saurin taka birkinsa ya yi daidai da na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Goro, buɗe gilashi da ƙure rediyo ba sa canza wannan. In hamma ta fara yawa ko aka wuce wani gari ba a tuna an wuce shi ba, a samu wuri mai tsaro a faka, a kwanta minti 20 kafin a ci gaba.