Yadda Za Ka Tsare Layinka da Kuɗin da Ke Cikin Wayarka

Duk wanda ya bi ta unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi da safe zai lura cewa ƙirga kuɗi a hannu ya ragu. Mai koko da ƙosai ta rubuta lambarta a jikin kwali ta jingina da bokiti, mai atamfa a kasuwar Kejetia yana karɓar kuɗin kaya ta waya, zubin adashi da gudummawar biki da ta ta'aziyya duk ta nan suke bi. Tun da MTN ya kawo MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ƙasar Gana a 2009, kuma aka buɗe hanyar tura kuɗi daga wannan kamfani zuwa wancan a 2018, layin waya ya tashi daga abin gaisawa ya koma mabuɗin ɗaki. Wanda ya mallaki layinka ya mallaki asusunka da WhatsApp ɗinka da saƙonnin da banki yake turo maka. A iya abin da na gani a zango, yawancin waɗanda aka yi wa sata ta waya ba wani gwanin kwamfuta ne ya yi musu kutse ba. Ruɗa su aka yi, aka hana su numfasawa, har suka miƙa mabuɗin da hannunsu. Shi ya sa matakan da zan kawo ana ɗaukarsu ne tun hankali yana kwance.

Ka fara da tabbatar da sunan wanda ke kan layin. Lokacin da aka sake rajistar layuka da katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, daga Oktoban 2021 zuwa ƙarshen Mayun 2023, dattawa da yawa da ba su karɓi katinsu ba sun bar 'ya'ya ko maƙwabta sun yi musu rajista da nasu. A ranar ya zama taimako, amma a idon kamfani mai layi shi ne wanda katinsa ke kai. Idan wayar ta ɓace, shi kaɗai za a ba sabon sim, kuma idan zumunci ya yi tsami ko ya yi tafiya mai nisa, kuɗinka suna cikin ɗakin da ba kai ke da takardarsa ba. Ka ɗauki katinka, ka tafi da wanda ya yi rajistar zuwa ofishin kamfanin, a mayar da layin da asusun zuwa sunanka. Ɓata rabin yini a layin jira ya fi sauƙi a kan shari'a da ɗan uwa.

Sai lambar sirri. Alƙaluma huɗu ne kacal, don haka zaɓensu yana da muhimmanci. Kada ka sa shekarar haihuwarka, domin tana rubuce a katin da kake miƙa wa mai MoMo duk lokacin da za ka ciri kuɗi. Kada ka sa ƙarshen lambar wayarka, ko 1234, ko alƙalami ɗaya sau huɗu. Lambar buɗe fuskar waya ta zama daban da ta asusu, saboda ta farkon kana danna ta sau da yawa a cikin trotro (motar haya) da masallaci da kasuwa, inda idanu suke da yawa. Akwai wata al'ada tamu da nake roƙon a bari, wato mutum ya miƙa wa mai MoMo waya ya faɗa masa lambar da baki, mutane biyar na tsaye a baya suna ji. Mai yin haka yakan ce ai yaron ɗan unguwa ne, ya san iyayensa. Ko da yaron amintacce ne, ba ka san kunnen da ke bayanka ba. Idan idon dattijo bai gani sosai, a zaunar da shi a gida a koya masa inda maɓallan suke har hannunsa ya saba, ko kuma a tsayar da mutum ɗaya tak a gidan wanda zai riƙa raka shi.

Shi kansa sim ɗin yana da nasa makulli, kuma mutane kaɗan ne suke kunna shi. Ɓarawon da ya kasa buɗe wayarka zai iya zare sim ya sa a ƙaramar waya mai maɓalli, irin wadda ake kira yam, nan take saƙonninka su fara shigo masa. Idan ka kunna makullin sim a sashen tsaro na saitin waya, duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lamba kafin ya yi aiki. A nan sai an yi hattara: idan aka yi kuskure sau uku sim ɗin zai kulle, sai an sa lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓallo shi. Saboda haka kada ka yi ta cinke. Ka nemo katin tukuna, ko ka kira 100 ka tambayi kamfaninka.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Wata gwaggona mai sayar da wake da shinkafa ta sami saƙon tes ana tsakiyar ciniki, wai an turo mata sidi 800. Ba a yi minti biyu ba sai ga kira, muryar mace tana kuka, tana cewa kuɗin asibitin ɗanta ne ta yi kuskuren lamba, don Allah a mayar mata. Gwaggo tana riƙe da ludayi a hannu ɗaya, waya a ɗaya, masu saye suna miƙo kwano, tausayi kuma ya kama ta. Ta tura. Da yamma na je gaishe ta, ta miƙo mini wayar ta ce, "Duba mini, kuɗina ba su cika ba." Na ce, "Gwaggo, wannan saƙon ai daga lambar mutum ya zo." Ba a taɓa turo mata ko kwabo ba, cinikinta na kwana biyu ta kwashe ta bayar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da kyakkyawan halinta aka kama ta.

Maganin wannan abu biyu ne, kuma a yi su a jere. Na farko, ka dubi inda saƙon ya fito. Saƙon gaskiya yana shiga ƙarƙashin sunan da kamfani ya saba turo maka da shi, a jerin tsofaffin saƙonnin cinikinka, na bogi kuwa yana zuwa shi kaɗai daga lambar waya ta mutum. Na biyu, ka kashe kiran, ka danna *170# da kanka idan MTN kake, ko lambar da kamfaninka ya tanada, ka duba abin da ke cikin asusun. Ko da ka tarar kuɗin sun shigo da gaske, ba aikinka ba ne ka mayar cikin gaggawa. Ka ce wa mai kiran ya sanar da kamfani, su ne suke da hanyar mayar da kuɗin da aka tura bisa kuskure, kai kuma ka bar su a ciki kada ka taɓa. Haƙƙin mai kuɗi bai salwanta ba, kai ma ba ka cutu ba.

Wata dabarar ta fi wannan wayo. Mai kira zai ce daga ofis yake, ya ambaci cikakken sunanka, ya ce za a rufe asusunka yau ko kuma ka ci wata kyauta, sannan ya ce ka bi abin da zai karanto maka. Sanin sunanka ba hujja ba ce, domin duk wanda ya fara tura kuɗi zuwa lambarka zai ga sunan ya fito kafin ya kammala. Alƙaluman da yake sa ka danna ɗaya bayan ɗaya, yana yi maka surutu don kada ka karanta fuskar wayar, hanyar ba da izinin cire kuɗi ce, wato zaɓi na 4 a *170#, ko kuma hanyar amincewa da biyan da shi ya ƙulla daga can. Ka riƙe ƙa'ida ɗaya ka koya wa kowa a gidanku: karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Duk akwatin da ya faɗo a fuskar wayarka yana neman lambar, alhali ba kai ka fara cinikin ba, kuɗi ne za su fita, sai ka soke shi. Izinin cire kuɗi kuma kada ka kunna shi sai kana tsaye gaban mai MoMo, ka karanta adadin da sunan da suka bayyana kafin ka danna komai. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, kuma ba ya fushi don ka ce za ka kashe ka kira 100.

WhatsApp ma ana sace shi, kuma hanyar a fili take. Ɓarawo yana sa lambarka a wayarsa, WhatsApp ya turo maka alƙaluma shida ta tes, sai ya kira ka ya ce shi ɗan zaurenku ne na makaranta ko na ƙungiya, za a yi taro ta intanet, ka karanto masa lambar shiga. Kana karantowa an fitar da kai, shi kuma ya shiga bin 'yan uwanka da sunanka da hotonka yana neman rancen gaggawa. Rigakafin ba ya cin minti uku: ka shiga saiti, sashen asusu, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi alƙaluma shida naka, ka haɗa da imel da kake iya buɗewa. Ka leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusun, ka cire duk wadda ba ka gane ba. Idan an riga an ƙwace, ka sake yin rajista da lambarka, sabuwar lambar da za ta zo maka za ta fitar da shi, sai dai idan ya riga ya sa nasa mataki na biyu kana iya jiran kwana 7. A cikin kwanakin nan ka sa a yi shela a zaurukan da kake ciki. Su kuma kwaikwayon WhatsApp da matasa suke tura wa juna saboda ƙarin kwalliya, irin su GB WhatsApp, ban ga hikimar zuba sirrin iyali a manhajar da ba a san wanda ya taɓa cikinta ba.

Batun manhajojin bashi yana buƙatar a tsaya a kansa, domin abin da suke ci mutunci ne. Suna ba da rance kaɗan cikin minti biyar, amma kafin nan sun nemi izinin ganin lambobin mutanenka da hotunanka da saƙonninka, kai kuma ka danna amincewa ba ka karanta ba. Ranar da biya ya yi jinkiri sai saƙon cin zarafi ya isa wayar surukinka da ta limaminku. A 2023 Babban Bankin Gana ya fitar da jerin irin waɗannan manhajoji marasa lasisi, hukumomi kuma suka kama ɗaruruwan mutane a kan harkar. Kafin ka sauke kowace manhaja ka tambayi kanka abin da ya haɗa aikinta da izinin da take nema. Tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutane. Ka shiga sashen izini a saiti ka janye abin da ka bayar a baya, ka tsaya ga Play Store ko App Store, kuma idan waya ta nemi sabuntawa ka bar ta ta yi, ko da za ta ci data, domin yawanci ɓarakar tsaro ake toshewa. Hoton katin Gana kuma kada ya riƙa yawo a WhatsApp. Dokar kare bayanai ta 2012 ta ba ka damar tambayar duk mai karɓar bayananka abin da zai yi da su.

Idan za ka kai waya gyara Adum, a tsakiyar Kumasi, ka cire sim da katin ajiya ka sa a aljihu. Canjin gilashi ko batir ba ya buƙatar a bar wa mai gyara lambar buɗewa, in ya gama ka buɗe da kanka a gwada a gabanka. Waya ta hannu da ka saya kuwa, a goge ta tas a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin ka sa asusunka.

Saura shirin ranar da waya za ta ɓace. Ka danna *#06# ka kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takarda, ka haɗa da PUK da adireshin imel ɗin da wayar ke kai, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida, amma ban da lambar sirrin asusu. Ranar da abin ya faru, ka ari waya ka sa kamfani ya rufe layin da asusun kafin ka fara neman wayar, sannan ka sanar da banki idan layin yana haɗe da shi, ka shiga asusunka na Google ko Apple daga wata na'ura ka kulle wayar ko ka goge ta. Idan damfara ce, kada ka goge saƙon ko lambar da ta kira, ka rubuta lokaci da adadi da lambar cinikin, ka kai wa kamfani da 'yan sanda, ka kuma kira ko ka tura tes zuwa 292, layin Hukumar Tsaron Intanet da aka kafa bisa dokar 2020. Sauri yana da amfani a nan, domin ana iya riƙe kuɗin idan ba a riga an cire su ba. Gwaggo ta yi sa'o'i shida tana jin nauyin faɗa wa kowa, kuma kafin mu kira an riga an kwashe. Yanzu akwai takarda manne a murfin akwatin kuɗinta, jikarta ta rubuta mata 100 da 292 da manyan alƙaluma, kuma duk kiran da ya zo da maganar kuɗi ana tsakiyar ciniki takan ce a kira bayan la'asar.